“Rezo babu”: me ya sa wasu shafukan intanet ke tsayawa cak, wasu kuma na ci gaba da aiki?

Duk wanda ya taɓa bin layi a wurin aika kuɗi, ko a wani ofishi, ko wajen masu cika takardun jarrabawa ta intanet a Konni, Malbaza ko Illela, ya san amsar nan mai kalma biyu: “rezo babu”. Ma'aikaci na zaune, kwamfuta a kunne, amma aiki ya tsaya, domin na'urar da ke gabansa ba ta iya komai sai ta ji daga wata na'ura da ke Yamai ko Turai. Wani lokaci tsayawar dole ce, kuma ita ce ke kare dukiyar jama'a. Wani lokaci kuwa daga ginin tsarin matsalar take: an ɗaure kowane ƙaramin aiki da rumbun bayanan da ke nesa, alhali yawancin ayyukan ba su buƙatar zuwa can.

Maganar ta shafi mutane da yawa yanzu. Ƙungiyoyin manoman albasa, makarantu masu zaman kansu, gidajen rediyon al'umma, ƴan kasuwa da ƙananan hukumomi na fitar da kuɗi a gina musu shafi ko manhaja. Akwai ƙa'ida ɗaya da ya kamata mai biyan kuɗin ya sani, ko da bai taɓa karatun kwamfuta ba: shafi ya nemi rumbun da ke nesa sai in buƙata ta kama, ya gama ya saki hanya. Ga ma'anar ƙa'idar, da wurin da take aiki, da wurin da bin ta ido rufe ke jawo asara.

Shago daban, mangaza daban

Shafin intanet abu biyu ne da mai kallo ke ɗauka ɗaya. Akwai fuskar da ke bayyana a salula: suna, hotuna, rubutu da wuraren latsawa. Wannan tana zaune cikin wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda ake kira sabar, wato serveur da Faransanci. Akwai kuma rumbun bayanai, base de données, inda ake jera sunaye, lambobi, kuɗaɗe da ranaku layi-layi kamar a babban rajista. Sabar ce ke karɓar baƙo, rumbu kuma shi ke riƙe da lissafi. A ƙananan shafuka su biyun kan zauna cikin na'ura guda. Amma sau da yawa a rabe suke: shafi na haya a Faransa rumbu na ofis a Yamai, ko kwamfutar aiki na Malbaza rumbunta na babban birni. Irin wannan shi ne rumbu na nesa.

A kwatanta da ɗan kasuwa mai shago a bakin babbar hanya a Konni, mangazarsa kuma na can bayan gari. Mai son sabulu ɗaya, daga kanta za a miƙo masa. Mai son siminti buhu 50, sai an aiki yaro da makulli. Babu ɗan kasuwar da zai riƙa aiken yaro mangaza duk sanda wani ya leƙo ya yi sallama, ko ya tambayi farashin da ke rubuce a allo. To amma shafuka da yawa haka aka gina su.

Misali mafi shahara shi ne WordPress, manhajar da ta fito a 2003, wadda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke tafiya a kanta. A yadda take zuwa, duk sanda aka buɗe wani shafi nata sai ta fara kiran rumbu, ko da abin da za ta nuna bai sauya ba tun bara. In rumbun bai amsa ba, sai allo ya yi fari da jimla ɗaya tal: “Erreur lors de la connexion à la base de données”. Lambar wayar ƙungiya, adireshinta da tarihinta duk sun ɓace wa mai nema, saboda an rufe shago gaba ɗaya don makullin mangaza ya ɓata.

Gaisuwa kafin magana

Buɗe hanya zuwa rumbu na da tsada ta lokaci, domin na'urori ma sai sun gaisa. Sabar za ta yi sallama, rumbu ya amsa. Daga nan su daidaita kan makullin sirri da zai hana wani a hanya karanta abin da suke faɗa. Sai sabar ta faɗi sunanta da kalmar sirrinta, rumbu ya duba ya yarda. Bayan duk wannan ne ake gabatar da tambaya. Kowane mataki zuwa ne da dawowa, kuma jimillarsu kan kai huɗu ko biyar kafin amsar farko ta iso.

Nisa na shiga lissafin. Nijar ba ta da teku, don haka saƙonninta na ƙetare na bin wayoyin fiba zuwa ƙasashen gaɓa kamar Benin da Najeriya, sannan su shiga wayoyin ƙarƙashin teku zuwa Turai. Haske a cikin fiba na gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. A ɗauka hanyar daga Konni zuwa wata sabar a Faransa ta kai kilomita 8,000: zuwa da dawowa kilomita 16,000 ke nan, wato kashi 8 cikin 100 na daƙiƙa, tun ba a ƙara jinkirin na'urorin da ke kan hanya ba. Gaisuwa biyar ta doshi rabin daƙiƙa. In kuma shafin na yi wa rumbu tambaya 30 ɗaya bayan ɗaya kafin ya bayyana, an ƙara kusan daƙiƙa biyu da rabi. Wannan lissafin hanya mai lafiya ne. A ranar da rezo ke rawa, saƙo ɗaya da ya ɓace a tsakiya sai a sake aiko shi, jinkirin ya ninka.

Kujeru ƙidayayyu ne

Abu na biyu shi ne rumbu ba ya karɓar baƙi ba iyaka. Manhajojin rumbu biyu da aka fi amfani da su a shafuka su ne MySQL da PostgreSQL. In ba a sauya saitinsu ba, ta farko na karɓar haɗi 151 a lokaci guda, ta biyu 100. Ana iya ƙara adadin, amma kowane haɗi na cin rabonsa na ƙwaƙwalwar na'ura, kuma masu ba da hayar sabar mai araha kan ƙayyade wa kowane ɗan haya abin da bai kai haka ba.

A ɗauka wata makaranta ta sanar cewa sakamakon ɗalibai zai fito a shafinta ƙarfe 4 na yamma, iyaye ɗaruruwa suka shiga a minti ɗaya. In duk wanda ya buɗe shafin farko an kama masa kujera a rumbu, to masu kallon hoton ƙofar makaranta kawai sun cinye wurin masu neman makin ƴaƴansu, sauran kuma sai saƙon kuskure. Abin ya fi muni in manhajar na buɗe haɗi ta manta ba ta rufe ba, domin MySQL, a saitinta na asali, na iya jiran haɗin da aka bari a buɗe har awa 8 kafin ta sallame shi.

Daga nan ƙa'idar ta rabu gida uku. Na ɗaya, kada a buɗe hanya sai lokacin da tambayar farko ta taso da gaske. Na biyu, a haɗa tambayoyi a yi su tare, kamar mai aike da ke rubuta duk abin da ake so a takarda ɗaya. Na uku, da an gama a saki. Ga wurin da ke da cinkoso kullum, buɗewa da rufewa a kowace daƙiƙa ma ɓata lokaci ne, shi ya sa ake ajiye ƴan haɗi kaɗan, kamar goma ko ashirin, a buɗe a shirye. Tsarin ƴan kabu-kabu ne a bakin tasha: ba kowane fasinja ke da babur nasa ba, mai buƙata ya hau, a sauke shi, babur ya dawo layi.

Darasin tafkin Cerasa

Manoman fadamar Konni sun daɗe da sanin dabara ta gaba. Filin noman ranin, mai faɗin fiye da hekta 2,400, na shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango da ke kan gulbin Magiya. Ruwan na bin doguwar hanya ta kusan kilomita 15 ya sauka a tafkin Cerasa kusa da gari, daga nan ne ake rarraba shi zuwa gonaki. Manomin da ranar ban ruwansa ta zo ba sai an je Mozage an buɗe masa ƙofa ba. Akwai ajiya a kusa, wadda ake cikawa lokaci zuwa lokaci.

A harkar shafuka, wannan ajiyar kusa ita ake kira kash, ko mémoire cache. Sabar na yi wa rumbu tambaya sau ɗaya, ta ajiye amsar a wurinta, ta riƙa miƙa wa duk mai zuwa har wa'adin da aka sa mata ya cika. Labarin da gidan rediyo ya wallafa da safe, in mutum 5,000 suka karanta shi, tambaya ɗaya ta ishe su. Ko WordPress ɗin da aka ambata na da ƙananan manhajojin da ake ƙara masa don ya yi haka. Ita ma salula na iya ajiye nata kwafin, ta yadda shafin da aka buɗe jiya zai sake buɗuwa yau ko babu rezo.

Gwanintar tana wajen yanke wa kowane bayani tsawon ransa. Adireshin ƙungiya na iya shekara bai sauya ba. Jadawalin azuzuwa na iya wata uku. Farashin buhun albasa a Galmi kuwa, a lokacin kaka, na safe na iya bambanta da na yamma. Shafin da ya nuna wa manomin Dogerawa farashin makon jiya kamar na yau ya cuce shi fiye da shafin da ya ƙi buɗuwa, domin zai yi ciniki a kan ƙarya yana zaton gaskiya ce. Saboda haka duk bayanin da aka ɗebo daga ajiya ya kamata ya zo da rana da sa'ar da aka sabunta shi, a rubuce inda ido zai gani.

Aikin da ke iya jira

Akwai matakin da ya wuce ajiyar amsa, wato na'ura ta yi aikinta duka ba tare da rezo ba, ta tara abin da ta rubuta, sai ta samu hanya ta aika gaba ɗaya. Abin da ke sa haka ya yiwu shi ne ƙaramin rumbu da ke cikin na'urar kanta. Kowace salula mai Android na ɗauke da irinsa, sunansa SQLite, an ƙirƙiro shi tun 2000. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Fannin kiwon lafiya na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan. Ma'aikatar lafiya ta Nijar na tattara alƙalummanta a kan DHIS2, manhajar da jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, wadda ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita. Rahotannin wata-wata na cibiyoyin lafiya, irin su yawan masu zazzaɓin cizon sauro, haihuwa da allurar rigakafi, na bi ta gundumomin lafiya kamar na Konni, Malbaza da Illela su isa rumbu ɗaya na ƙasa. Manhajar na da sigar Android da ke karɓar rubutu babu rezo, ta aika daga baya. Rahoton wata ba ya lalacewa don ya kwana biyu a cikin na'ura kafin ya tafi.

Haka masu binciken ƙungiyoyin agaji da ake gani a ƙauyuka da tablet a hannu suke aiki. Yawancinsu na amfani da ODK, wadda aka fara a jami'ar Washington ta Amurka a 2008, ko KoboToolbox. Ana sauke takardar tambayoyi a gari, a wuni ana cikawa a Tajaye ko Bazaga, da dare a dawo inda rezo yake a tura. Rajistar masu zaɓe ta zanen yatsa da hukumar CENI ta gudanar a 2019 da 2020, wadda ta fitar da masu zaɓe kusan miliyan 7 da dubu 400, ita ma a wannan hanya ta bi: na'urori sun zagaya garuruwa suna ɗaukar hoto da yatsu, sannan aka haɗa bayanan wuri ɗaya aka tace sunayen da suka maimaitu.

Maƙwabtanmu na Illelar Sakkwato, da ke tsallaken iyaka, sun ga fuskokin abin guda biyu a zaɓen Najeriya na 25 ga Fabrairun 2023. Na'urar BVAS ta tantance masu zaɓe ba tare da intanet ba, domin an riga an zuba mata sunayen mazaɓarta. Tura hoton takardar sakamako zuwa shafin IReV ne kawai ke buƙatar haɗi da rumbu na nesa, kuma a nan ne aka samu cikas a sakamakon shugaban ƙasa, abin da hukumar INEC da kanta ta amince da shi, ya kuma zama babban abin jayayya a kotu. Darasin a fili yake: in an rage haɗi ya koma lokaci ɗaya tak, to wannan lokacin sai an gwada shi an sake gwadawa kafin ranar aiki.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne mitar wuta ta biya kafin ka sha. Irin wadda aka fi sani ba ta magana da kamfani ko kaɗan. Lokacin sayen wuta ne kawai ake taɓa rumbu, a fitar da lambobi 20 da aka ƙulla su da lambar mitar gidan. Ita mitar na da abin warware su a cikinta, kuma tana tuna waɗanda ta taɓa karɓa, shi ya sa lamba ɗaya ba ta shiga sau biyu, ba ta kuma shiga mitar maƙwabci.

Aikin da ba ya jira

Kuɗi ba su bin wannan sassauci. Mutum ya zuba jika 200 a wurin aika kuɗi a Konni, irin su Nita, Amana ko Al Izza, aka ba shi lambar karɓa ya tura wa ɗan'uwansa a Agadas. Kafin ma'aikacin can ya ƙirga kuɗin, dole ya tambayi babban rumbu a wannan daƙiƙar ko lambar na nan ba a karɓa ba, kuma rumbun ya rubuta “an biya” nan take. Da za a yarda kowane reshe ya biya da abin da ke ajiyarsa ya aika rahoto da dare, da mai lamba ɗaya ya karɓa a reshe uku kafin la'asar. Don haka in ma'aikacin kuɗi ya ce a dakata rezo ya dawo, tsarin ne ke yin abin da aka gina shi don ya yi.

Ko a nan ɗin ma haɗin na ɗan lokaci ne. Lambobin nan masu tauraro da ake latsawa a layukan Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecom don duba kuɗi ko tura su, waɗanda ake kira USSD, na buɗe hanya ta ƴan daƙiƙoƙi ne, a yi tambaya a samu amsa, hanya ta rufe. Ba su buƙatar intanet, ƙaramar salula ma na yi.

Wannan bambancin na da amfani ga duk mai sayar da kaya. Hoton allo da mai saye ya nuna, ko saƙon da ya ce ya shigo, kwafi ne, kuma kwafi ana iya ƙirƙira shi. Abin dogaro shi ne sabuwar tambaya da mai kaya ya yi da hannunsa a tasa wayar, ya ga kuɗin sun ƙaru. Gani ya kori ji. Dillalin dabbobi a kasuwar Badagishiri da ya saki rago a kan hoton allo ya karɓi amsar da ba daga rumbu ta fito ba.

Ma'aunin da ke raba aiki biyun mai sauƙi ne. In abu ne da ba a so mutum biyu su samu lokaci guda, kamar kuɗi, kujerar mota ta ƙarshe ko buhun taki na ƙarshe, sai an tambayi rumbu nan take. In abu ne da ake karantawa ko ake ƙarawa a kan tari, kamar labari, sanarwa, rahoto ko amsar tambayoyi, yana iya jira.

Inda tarko yake

Aiki babu rezo na da nasa haɗura. Na farko shi ne karo. A ɗauka wata ƙungiyar manoma na da taki buhu 100, magatakarda biyu na rabawa, ɗaya a Tsernawa ɗaya a Konni, kowa da tablet ɗinsa mai nuna 100. Wannan ya rubuta wa mutane 70, wancan ma 70. Da dare na'urori suka haɗu da rumbu, sai ga alƙawarin buhu 140. Maganin shi ne a raba tun da safe, a ba kowace na'ura kasonta, 50 da 50, kada ta wuce sai ta nemi izini daga rumbu.

Na biyu shi ne ɓata. Bayanin da ke cikin tablet bai tafi ba, in ta faɗa ruwa ko aka sace ta, ya tafi ke nan. Dole manhaja ta riƙa nuna a sarari adadin abin da ba a aika ba tukuna, ofis kuma ya sa dokar cewa kada aiki ya wuce kwana kaza a na'ura. Na uku shi ne maimaici: rezo ya yanke ana cikin turawa, na'ura ba ta ji amsa ba ta sake turawa, mutum ɗaya ya zama biyu a rajista. Ana kauce wa wannan ta ba kowane rubutu lambar shaida tasa tun a na'ura, yadda rumbu zai gane wanda ya riga ya karɓa. Na huɗu shi ne agogo: in sa'ar na'ura ba daidai take ba, tsohon gyara na iya danne sabo.

Akwai kuma batun sirri. Tablet mai ɗauke da sunayen marasa lafiya ko lambobin wayar mambobi na buƙatar makulli da ɓoye rubutu. Shi ma rumbun da ke nesa bai kamata ƙofarsa ta kasance a buɗe ga duk duniya ba, a taƙaita ta ga sabar da aka sani. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, kuma an kafa hukumar HAPDP don kula da aiki da ita. Ƙungiya ko makarantar da ke tara bayanan jama'a na ƙarƙashin wannan doka.

Abin da shekarun baya suka nuna

Tsarin da ke zaton wuta da rezo ba su yankewa bai dace da yankinmu ba, kuma shaidun na kusa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya, wadda a lokacin ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take sha, ta yanke layi a farkon Agusta, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, na taimakawa da rana, amma ba ta isa ta ɗauke nauyin yanki ba. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, turakun sadarwa na komawa kan batir da janareta, su ma suna da iyaka.

A ranar 14 ga Maris 2024 kuma, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Ƙasashe fiye da goma, har da Nijar, suka ga intanet ya yi rauni, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana, ofishin da rumbunsa ke Turai na iya rasa hanyar isa ga bayanansa na kansa, ko da yana iya kiran Yamai a waya.

Akwai ci gaba. Aikin fiba na ratsa Sahara, da Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya ƙunshi fiye da kilomita 1,000 a cikin Nijar da kuma cibiyar ajiye bayanai ta ƙasa a Yamai. Kamfanin Starlink ya fara aiki a hukumance a ƙasar cikin 2025, taurarinsa na shawagi a nisan kusan kilomita 550, saɓanin tsofaffin da ke kilomita 35,786, abin da ke rage jinkiri ƙwarai. Duk da haka rumbun da ke Yamai na nan da nisan kimanin kilomita 420 daga Konni, kuma kwanon tauraron ɗan'adam ma sai da wuta yake aiki.

Tambayoyi shida kafin a biya

Shugaban ƙungiya, daraktan makaranta ko ɗan kasuwar da zai ba da kwangilar shafi na iya gane aikin kirki da tambayoyi kaɗan.

Ta ɗaya: a ina shafin zai zauna, a ina rumbun zai zauna, kuma da sunan wa aka yi hayar? Ya kamata suna da kalmomin sirri su kasance a hannun mai shafi.

Ta biyu: in rumbu bai amsa ba, me mai ziyara zai gani? Amsa mai kyau ita ce shafi ya buɗe da abin da ke ajiya, tare da sanarwar cewa wani sashe ba ya aiki yanzu.

Ta uku: waɗanne ayyuka ne ke tafiya babu rezo, waɗanne ne dole su jira? A rubuta jerin a cikin yarjejeniya.

Ta huɗu: daƙiƙa nawa shafi zai jira rumbu kafin ya haƙura? In ba a sa iyaka ba, allo na iya ta juyawa har mai nema ya gaji, kuɗin intanet ɗinsa na tafiya.

Ta biyar: in na'ura biyu suka rubuta abu biyu masu karo da juna, wanne za a ɗauka, kuma wa za a sanar?

Ta shida: sau nawa ake ɗaukar kwafin rumbun, a ina ake ajiye shi, kuma an taɓa gwada maido da shi?

Bayan tambayoyin akwai gwajin da ba ya cin ko dala. Ranar karɓar aiki, a gaban wanda ya gina shi, a kashe intanet ɗin salula ana tsakiyar cika takarda, a ci gaba da rubutu, sannan a kunna. In abin da aka rubuta ya isa rumbu sau ɗaya, cikakke, da sa'arsa daidai, ana iya biyan cikon kuɗin. In ya ɓace ko ya shiga sau biyu, a mayar masa ya gyara tukuna.